Gilashin da Ya Lanƙwasa Bangon Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da maigidana, ana sallame salla a masallacin layinmu muna tayar da mota. Paki muka nufa, can cikin ƙasar Ikara, amma ba kai tsaye ba. Sai mun biya ta Kudan da Makarfi, saboda wani gilashin kyamara da nake nema. Masu bibiyata sun san sana'ata: hoto nake ɗauka, yawanci a bukukuwan mata, inda namiji ba ya shiga. Wannan tafiyar kam ba ta biki ba ce, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta sake ni ba.

Bari in faɗi dalilin tun daga farko. Gwaggo ita ce yayar mahaifinmu, kuma ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Tun da mijinta ya rasu ta koma gidan gado a Paki, ta shiga soron da mahaifinsu ya gina wa mahaifiyarsu. Ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga, irin rufin nan da ake ɗaurawa da azara ya tashi sama kamar ƙwarya a kife. A ɗakin aka haife ta. Yayanmu babba, wanda ke aiki a Kaduna, ya gina mata ɗakin bulo da kwano a cikin gidan, har da silin da fanka, ta ƙi shiga. Shi yana so a fitar da ita a rushe soron kafin ruwa ya sauka, ita kuma ta ce soro lafiyarsa ƙalau. Da gardama ta yi tsawo sai ya ce a turo masa hoto ya gani da idonsa. Aka yi ta ɗauka da waya ana tura masa, amma ɗakin ƙarami ne, kowane hoto ɓangare guda yake kamawa: nan gefen gado, nan gindin bango. Bai gamsu ba, ita ma ba ta sauko ba.

Sai ta sa aka kira mata ni. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Ta ce, "Uwata, ki zo da babban abin hoton nan naki ki nuna wa yayanki ɗakin nan gaba ɗayansa. Ke ce shaidata." Na ce to, ba tare da na yi tunanin yadda zan yi ba.

Da na zauna na yi tunanin ne na ga aikin da na ɗauko. Kyamarata irin mai ƙaramin faranti ce, wato ɗan allon nan da ke cikinta wanda haske ke sauka a kansa bai kai na manyan kyamarori faɗi ba. Duk gilashin da aka ɗaura mata sai ta yanke gefe-gefen abin da ya gani, ta ba ka tsakiya. A filin biki wannan ba damuwa ba ce, sai ka ja da baya. A soron Gwaggo kuwa, kana ja da baya bango zai tare ka. Abin da zai kama ƙasa da rufi da bango huɗu a hoto ɗaya shi ne gilashin da masu sana'armu ke kira fishai, wato idon kifi, mai kumburarren gaba. Wanda ke saita kansa da kansa ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Wanda ake murɗawa a saita da hannu shi ne daidai ni, shi ma in tsoho ne. Na yi cigiya a cikin abokan sana'a, aka ce akwai wani a Kudan mai sayar da nasa, akwai kuma wani a Makarfi.

Muka bi ta Hunkuyi gari na wayewa. Bazara ce, tun da safe iska ta ɗumama, amma gabas ta yi nauyi da gajimare irin wanda manoma ke ɗaga kai suna kallo. Ko'ina sharar gona ake yi. An tara kara da ciyawa ana ƙonawa, an jibge taki tsibi-tsibi a gonaki ana jiran a baza. Muka wuce amalanke biyu shanu na ja, cike da takin gida. Hanyar ba laifi, sai dai in ka saki jiki rami zai tuna maka da kansa, kuma maigidana mutum ne mai sakin jiki. Na rungume jakar kyamara a cinya na yi ta ja masa kunne har ya ce ko dai in karɓi tuƙin. Gonakin inabi da aka ɗaga wa rumfa sun ba ni sha'awa, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe.

A Kudan muka karya da ƙosai da kunun tsamiya wurin wata dattijuwa a bakin hanya. Ƙosan da muka ci mu biyu muka ƙoshi, a Zariya kuɗinsa ba zai ishi mutum ɗaya ba. Daga nan muka nemi shagon mai hoton. Saurayi ne mai fara'a, ya shimfiɗa mana gaisuwa har sai da na fara jin kunyar tambayar abin da ya kawo ni. Ya ɗauko gilashin a nannaɗe cikin tsohuwar hula. Na babansa ne, ya ce, tun zamanin fim. Ƙarfe ne mai nauyi, aikin da, zoben saitinsa yana juyawa sumul. Na so shi tun kafin in ɗaura.

Da na ɗaura sai sona ya ragu. Mai lamba goma sha shida ne, wato lambar da ke nuna faɗin abin da gilashi ke kamawa, an yi shi don manyan kyamarori. A tawa, farantin ya yanke duk faɗin da nake nema. Na tsaya a ƙofar shagonsa na ɗauka, hoton ya kama teburi da bangon baya, rufi bai shigo ba, ƙasa ma rabi. Ga duk mai irin kyamarata, wannan shi ne kuskuren farko da zai guje wa: kada sunan gilashi ya ruɗe ka, ka ɗaura ka gani. Saurayin ya ga fuskata ta canja, sai ya zaro wani ɗan ƙarami da ake murɗawa a gaban gilashin da kake da shi, ya ce wannan kusan kyauta zai ba ni. Na gwada don kada ya ji ba daɗi. Tsakiya ta fito, gefe kuwa duk ya dushe kamar an shafa masa man gyaɗa. Na mayar masa na yi godiya. Bai ji haushi ba, har ya raka mu mota ya ce in gaishe da Gwaggon da bai sani ba.

Muka fito babban titin Kano, manyan motoci na ta wucewa da gudu, muka ratse zuwa Makarfi. Nan ƙasar rake ce. Ko da yake lokacinsa ya ja baya, har yanzu akwai dammunan rake jingine a bakin hanya, ga ɓawonsa ya rufe ƙasa duk inda aka zauna. Na sayi mazarƙwaila wurin wata mata da ta ce daga Gazara ta kawo, don na san Gwaggo ba ta shan kunu sai da ita. Na taya, matar ta dube ni ta ce, "Hajiya, in na rage miki, me zan ce wa wanda ya tsaya a bakin wuta?" Na biya yadda ta faɗa.

Mai hoton Makarfi dattijo ne, ya fara janye jiki daga sana'ar saboda ido. Guda biyu ya ajiye mini a kan benci. Na farko yana ba da hoto zagayayye kamar faifai, kusurwoyi huɗu baƙi ƙirin. Yana kama komai, har yatsun ƙafata, amma rabin hoton duhu ne, kuma ban ga amaryar da za ta biya ni in sa ta a cikin faifai ba. Na biyu mai lamba takwas ne, an yi shi musamman don masu ƙaramin faranti, yana cika hoton daga kusurwa zuwa kusurwa. Na duba bakinsa ya dace da na kyamarata, ya shiga ya kulle ba ya girgiɗi. Na ɗaga shi ga rana na leƙa ko akwai fumfuna a ciki, babu. Gabansa da ya kumburo shi ne wurin da ya fi saurin karcewa, na juya shi ta kowane gefe ban ga komai ba sai ɗan tabo a jikin murfi. Zoben saiti da zoben buɗe haske duk suna aiki.

Da na danna sai kyamara ta ƙi ɗauka. Sannan na tuna irin wannan gilashin ba ya magana da kyamara, ita a ganinta babu komai a bakinta, sai an shiga cikin tsarinta an ba ta izinin ɗauka a haka. Na gyara, ta ɗauka. Daɗin abin shi ne saitin hannu a nan ba wahala ba ne. In ka murɗa zoben buɗe haske ka kai shi kan takwas, ka ajiye saiti a ɗan nesa kaɗan da tsawon hannu, kusan komai zai fito tar, na kusa da na nesa. Na gwada a kan maigidana, na matso dab da fuskarsa. Hancinsa ya cika hoton, kunnuwa suka gudu baya. Dattijon ya yi dariya har da tari, maigidana ya ce in na kuskura na nuna wa yara, a Makarfi zai bar ni. Muka daidaita a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Ban goge hoton ba, yana nan.

Hanyar Ikara ta fi ta baya shiru. Muka yi ta wuce shanyar tumatir da tattasai a kan duwatsu da gefen kwalta, ja wur. Fulani na kora shanu zuwa inda ruwa ya rage, shanun duk sun rame, bazara ta taɓa su. Mangwaro kuwa ya yi arha har ana roƙonka ka ɗauka. Muka yi azahar a Ikara, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa kusa da tasha, maigidana ya sha mai a gidan mai yana ƙorafin tsadarsa kamar yau ya fara saye. Ni dai hankalina ya riga ya yi gaba. Gajimaren nan na safe bai watse ba, sai ƙara haɗuwa yake.

Muka isa Paki kafin la'asar. Ɗan baffanmu, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya tarbe mu a zaure, ya tsaya da maigidana, ni na shige ciki. Na tarar da Gwaggo a ƙofar soronta a kan tabarma tana tsince zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta koma kan yaran. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Wuyan hannunta ya zama kamar kara. Amma muryar tana nan, kuma da ta ga mazarƙwaila sai ta ce, "Uwata ba ta manta da 'yarta ba."

Na shiga ɗakin na tsaya. A waje zafi kamar zai dafa mutum, a ciki sanyi kamar an yayyafa ruwa. Daɓen ƙasa ya yi santsi da shekaru. Ga gadon ƙarfe da rumfarsa an cire, ga jeren kwanonin kakarmu a kan katako, ga randa a kusurwa, ga ƙamshin turaren wuta da ya kama bango. Can ƙololuwar rufi, inda bakunan ginin, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, suka haɗu, akwai farar tasa mai zanen shuɗi da aka dasa a cikin yaɓe tun ranar da aka gama ginin. Rufin yana da duhu, ƙofa ce kaɗai ke kawo haske da wata 'yar taga. Na ƙwanƙwasa bango da hannu ta kowane gefe, tauri kamar dutse, a miƙe. Na ji daɗi har cikin raina, na ce lallai Gwaggo ce mai gaskiya.

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a bakin ƙofa, na sa Gwaggo ta zauna a gefen gado, na roƙe ta kada ta motsa don ɗakin ba haske. Hoton ya fito yadda ban taɓa ɗaukar wani ba. Komai ya shigo: daɓe, gado, jere, randa, taga, gindin rufi, da ita a tsakiya da farin mayafinta. Na cika da murna. Na fita bayan gida inda aka ce sabis ya fi kamawa, na tura hoton a guruf ɗin danginmu, na rubuta a ƙasa cewa ga ɗakin Gwaggo gaba ɗayansa, kowa ya gani.

Ban kai ga komawa ciki ba waya ta yi ƙara. Yaya ne. Ko amsa gaisuwata bai gama yi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ummi, kina tsaye kina kallon wannan har kika tsaya ɗaukar hoto? Bango ya yi ciki haka! Dubi ƙofar ma ta lanƙwashe. Wallahi yau ba za ta kwana a ɗakin nan ba."

Na buɗe hoton na sake kallo, wannan karon da idonsa. Ni da na saba, na san idon kifi yana lanƙwasa duk abin da ke gefe, idona yana miƙar da shi ba tare da na sani ba. Shi kuwa bangaye ya gani sun banƙare waje kamar tulu, dogaran ƙofa sun yi baka, tsohuwa tana zaune a tsakiyar abin da ke shirin rufta mata. Na ce, "Yaya, don Allah ka saurare ni, gilashin ne, haka yake yi." Ya ce, "Gilashi ne ya gina ɗakin? Hoto ai ba ya ƙara abin da babu." Ya kashe, ya kira ɗan baffa. Kafin in dawo tsakar gida, saƙonnin dangi sun fara shigowa, wannan na salati, wancan na cewa a yi sauri.

Raina ya ɓaci, kuma da kaina na fi jin haushi. Na ɗauki kyamara na je na tsaya a ƙofar sabon ɗakin bulon da shi Yaya ya gina, na ɗauka da gilashin nan. Shi ma ya fito da ciki kamar tulu. Na tura masa na ce to ga naka, shi ma a rushe? Na san ban kyauta lafazi ba, yayana ne. Da ya kira, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Na gane, Ummi. Amma abin da na gani na riga na gani. In ruwa ya sauka cikin daren nan, wani abu ya faru, me zan ce wa Baba ranar da muka haɗu?" A nan na fahimci ba iko yake nunawa ba, tsoro ne ke cinsa, kuma ni na ba tsoron nasa hoto.

Ɗan baffa ya shigo yana sosa ƙeya, ya durƙusa nesa da Gwaggo, ya ce an ce a kwashe kaya. Gwaggo ta ce a ba ta abin ta gani. Na miƙa mata kyamarar, ta kawo ta dab da ido ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini, ta ce, "Wannan ba ɗakina ba ne. Babana bai gina karkataccen bango ba. Duk garin nan an san hannunsa." Ta juya ga ɗan baffa. "Wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni." Babu wanda ya isa. Ya tashi ya fita sumui-sumui.

Ranar ba ta ƙara yi mini maganar ba. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, ta matsa mini in ƙara, ta tambayi ko maigidana an kai masa nasa. Ta kira ni shaida, na zo na tsaya wa ɗaya ɓangaren. Hadarin ya yi ta walƙiya daga nesa bai zubar ba. A ɗakinta na kwana, a kan tabarma.

Da safe bayan ta idar da lazimi, haske ya fara shigowa ta 'yar tagar, sai ta kira ni.

"Uwata, abin nan naki, ko'ina yake yin ƙarya?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. Gefe yake lanƙwasawa. Abin da ke tsakiya yadda yake haka yake fitowa."

Sannan ta dafa matashin kanta ta ce, "To ɗora shi nan, ya kalli sama. Ki ɗauko min abin da nake gani in na buɗe ido."

Na kwantar da kyamarar a kan matashin, bakinta na kallon rufi, na sa mata lokaci, muka matsa can bakin ƙofa don kada mu shiga. Ta ɗauka a hankali, ta tara hasken da ido ba ya iya tarawa a ɗakin. Da na duba, rufin ya fito kamar buɗaɗɗiyar laima, bakunan ginin sun taho daga kowane gefe a miƙe sun haɗu a kan farar tasar. Ban taɓa ganin kyansa haka ba. A gefen tasar kuma, a tsakiyar hoton inda babu abin da zan ɗora wa gilashi, ga tsaga baƙa ta ratsa yaɓen, ta bi ɗaya daga cikin bakunan. Yaɓe ya zube a wurin, kan azara ya fito, ya yi baƙi da ruwan da ya sha, ya sauko daga inda yake. Daidai saitin inda take sa kai.

Na ɗago na dube ta. Ba ta nemi ganin hoton ba.

Ta ce, "Tun daminar bara ƙasa ke zubo min a bargo. Kafin kowa ya tashi nake sharewa."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa ba?" Tsoro da haushi sun haɗu mini.

"In na faɗa, a ranar za a fitar da ni. Na so in ƙara kwana biyu a ɗakin uwata." Ta gyara mayafi. "Tura wa yayanki wannan. Ki ce masa bangon babana bai karkace ba, ya janye waccan maganar a gaban duk wanda ya faɗa wa. Rufi ne ya gaji, shi ma ya yi ƙoƙari. A kan ƙarya ba zan fita ba. A kan wannan zan fita."

Na fita bayan gida na tura wa Yaya, na kira shi na faɗa masa saƙonta kalma da kalma. Sai na ji yana jan hanci. Ya rubuta a guruf, inda kowa zai gani, cewa bango lafiyarsa lau, shi ne bai fahimci hoton ba, kuma yana neman afuwar Gwaggo. Na karanta mata. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka. A fara da randa."

Muka kwashe kayan da hantsi, ni da matan gidan. Ita ta zauna a tsakar gida tana faɗin inda za a ajiye kowane kwano. Ɗan baffa ya kafa tsani, maigidana ya riƙe masa, ya ɓanɓaro farar tasar a hankali ya miƙo mata. Ta goge ta da bakin zaninta ta ɗora a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na shiga bayan randa na yi nawa. An bar maganar rushewa sai Yaya ya zo da kansa, amma an rufe ƙofar soron, an ce kada yara su shiga.

Muka kamo hanya bayan azahar. Ba mu kai Ikara ba iska ta taso, ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har sai da muka tsaya a gefen hanya don ba a ganin gaba. Ƙamshin ƙasa ya cika motar. Manoma da yara suna ta murna a bakin gonaki, ni kuwa rufin nan kawai nake gani da azarar da ta sauko. Maigidana ya kashe rediyo. Muka iso Zariya ana kiran magariba.

Ga masu tambayata wane idon kifi za su saya, abin da na koyo kaɗan ne. In kyamararka mai ƙaramin faranti ce, nemi wanda aka yi dominta, mai lamba takwas ko kusa da haka, ka ɗaura ka gwada kafin ka biya, kada saitin hannu ya ba ka tsoro. Sannan in za ka nuna hoton ga wanda zai yanke hukunci da shi, ka gaya masa tun farko cewa gefe a lanƙwashe yake fitowa, kuma abin da kake so a yarda da shi ka sa shi a tsakiya. Ni ban yi haka ba, saura kaɗan in sa a fitar da tsohuwa daga ɗakin uwarta da baƙin ciki.

Na wanke hoton rufin babba, na sa aka yi masa leda, na aika da shi ta hannun direban motar Ikara. Da ya isa ɗan baffa ya kira ni, ya ce ya ɗauko ƙusa zai kafa a bango Gwaggo ta hana. Na ce ya ba ta wayar. Ta ce sabon ɗakin ba laifi, sai dai kwano ya cika surutu in ana ruwa, kuma in ta farka ba ta sanin inda take.

"Ba a bango nake son shi ba, Uwata," ta ce. "Na ce ya hau ya manna min shi a silin, saitin matashina."